Wa Za a Kai Sito? Kundin Aikin Saita Suwaf a Sabar Ofis

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Mako na uku ke nan ana kawo mini ƙorafi iri ɗaya. Da an buɗe ofis ƙarfe takwas, manhajar rajista sai ta yi ta jan ƙafa, ma'aikaci ya danna sunan mutum ya zauna yana kallon allo, kafin tara da rabi kuma ta warware kamar ba ita ba. Jiya oga ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ko dai sabuwar na'ura za mu saya?" Na ce, "Yallaɓai, a ba ni wata guda tukuna."

Ga abin da ke ƙasa. Saba ce guda ɗaya, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na ofis hidima, tana kan Debian 12 da kanel ɗin Linux 6.1 (kanel shi ne sashen da ke raba wa manhajoji RAM da sauran kayan na'ura), RAM gigabait 8, sai suwaf, wato wurin da ake ajiye abin da RAM ya kasa ɗauka, gigabait 4 a kan faifan SSD. Abu uku ke zaune a kanta: rumbun bayanai na PostgreSQL 15, manhajar rajista da ma'aikata ke shiga ta burauza, sai aikin dare da ke tashi ƙarfe biyu, ya kwafi komai ya kuma haɗa rahoton yini.

Daren jiya ban kwanta ba, na buɗe `vmstat 5`, umarnin da ke nuna motsin RAM da suwaf, na zuba ido. Biyu saura minti ɗaya, layin `so`, mai nuna abin da ake kaiwa suwaf, sifili ne tun daga sama har ƙasa. Biyu na yi, lambobi suka fara tsalle. Yadda nake kwatanta wa oga shi ne, RAM shago ne, suwaf kuma sito. Idan shago ya cika, kanel yakan duba kayan da aka jima ba a taɓa ba ya kai su sito. To, da tsakar dare wa ya fi rumbun bayanai zama shiru? Ba mai tambayar sa komai tun biyar na yamma. Aikin dare ya shigo da lodinsa, kanel ya kwashe kayan rumbu ya kai sito, da safe kuma sai an ɗebo su shafi-shafi, kowane shafi bait 4096. Jan ƙafar ke nan.

Maganin da nake gani mai sauƙi ne: in rage wa rumbu `swappiness`, lambar da ke saita son kanel na kai kaya sito, in ƙara wa aikin dare. Litinin in sha Allahu.

Litinin, 8 ga Satumba

Babu shi. Na shiga `/sys/fs/cgroup/system.slice`, na leƙa rukunin rumbun (rukuni, ko cgroup, shi ne yadda kanel ke ware ayyuka don ya sa wa kowane kashi nasa iyaka), na karanta sunayen fayiloli sau biyu, babu `memory.swappiness`. A tsohon wurin aikina na sha amfani da shi, amma ashe wancan tsohon tsari ne. Tsarin rukunai na farko, wanda injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara a 2006 ya kuma shiga kanel 2.6.24 a farkon 2008, shi ne ke ba kowane rukuni nasa `swappiness`. Tsari na biyu, wanda Tejun Heo ya jagoranta ya kuma tabbata a kanel 4.5 a 2016, bai taho da wannan maɓalli ba. Debian kuwa tun sigarta ta 11 ta koma tsari na biyu. Yanzu `vm.swappiness` guda ɗaya ne ga dukan na'ura, kuma namu yana nan a 60 yadda ya zo.

Na ɓata rai, har na yi tunanin mayar da sabar tsohon tsari ta hanyar umarnin tashi. Na fasa, don masu kanel sun daɗe da juya masa baya, kuma ba na son in gina a kan abin da ake shirin rushewa.

Da na zauna na karanta takardun kanel a nitse, sai na ga ma ni ban fahimci lambar da kyau ba duk shekarun nan. Ni a zatona tana nufin "idan RAM ya cika kashi kaza, a fara suwaf". Ba haka ba ne. Shafukan da ke RAM iri biyu ne. Akwai masu gida, wato kwafin fayilolin da ke kan faifai, waɗanda in an matsu sai a zubar da su kawai, a sake karantowa in an buƙata. Akwai kuma marasa gida, abin da manhaja ta ƙirƙira tana cikin aiki, waɗanda ba su da wurin komawa sai suwaf. Lambar `swappiness` sikeli ce tsakanin waɗannan biyun: wanne ya fi araha a kora. Tun kanel 5.8 tana kaiwa har 200, kuma 100 na nufin kuɗinsu ɗaya.

Abin da tsari na biyu ya ba ni a maimako shi ne `memory.swap.max`, iyakar siton da rukuni zai iya ci. Wannan ma ya bambanta da na da. A tsohon tsari `memory.memsw.limit_in_bytes` jimillar RAM da suwaf ce a haɗe. A sabon tsari suwaf lissafinsa daban.

Talata, 9 ga Satumba

Aikin dare ta `cron`, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, yake tashi, don haka yana cikin rukunin `cron.service` tare da duk wasu ƙananan ayyuka, ba yadda zan ɗaure shi shi kaɗai. Na cire shi na yi masa nasa sabis da agogo a systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan na'ura ta kuma raba su rukuni-rukuni. Yanzu yana da rukuninsa.

Rumbu kuma na sa masa `MemorySwapMax=0`. Na duba `memory.swap.current` ina jiran in ga sifili, sai na tarar da kayan suna nan a sito. Takardun sun faɗa a fili: in ka rage iyaka ƙasa da abin da aka riga aka ci, ba a kwaso kayan nan take, sai dai a daina kai sabbi, tsofaffin su dawo a hankali. Bayan an tashi daga aiki na kashe rumbun na sake tayar da shi, ya fara da sifili.

Alhamis, 11 ga Satumba

An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Suwaf ɗin rumbu sifili ne, kamar yadda na so. Amma safiyar jiya da ta yau ba su fi na makon jiya ba, wata ma'aikaciya ma ta ce gara da. Na ɗauki kusan yini kafin in gane, alhali amsar tana cikin abin da na rubuta da hannuna ranar Litinin. Hana kai kaya sito bai ƙara wa shago faɗi ba. Aikin dare yana nan yana neman wuri, kanel kuma dole ya samo masa. Tunda na ɗaure masa hannu a kan shafuka marasa gida na rumbu, sai ya juya kan masu gida da ƙarfinsa duka. PostgreSQL kuwa ba a kan `shared_buffers`, wato wurin da ya ware wa kansa a RAM, kaɗai ya dogara ba, yana jingina sosai da kwafin fayilolin da kanel ke riƙe masa a RAM. An share su da dare. Da safe, maimakon a ɗebo daga suwaf, ana ɗebowa daga fayilolin rumbu. Faifai ɗaya ne, jira ɗaya ne, sunan kawai ya canza.

Inda na kama shi shi ne `memory.stat`, fayil ɗin da ke nuna lissafin RAM na rukuni. Layin `workingset_refault_file` yana ƙirga shafuka masu gida da aka kora sannan aka dawo neman su ba da jimawa ba. Na rubuta lambar ƙarfe bakwai da rabi, na sake dubawa ƙarfe tara, ta yi nisa ƙwarai. Sai kuma `memory.pressure`, ma'aunin da Johannes Weiner ya kawo a kanel 4.20, wanda ke nuna kason lokacin da ayyukan rukuni suka ɓata suna jiran RAM. Layi biyu ne: `some` idan wasu ne ke jira, `full` idan kowa ya tsaya cak. Da tun farko wannan na duba maimakon yawan suwaf, da ban yi asarar kwana uku ba. Yawan abin da ke sito ba ya gaya maka komai game da wahalar mutane. Shafin da aka kai sito ba a sake neman sa ba, riba ce.

Wani abu da ya ɗan ɗaure mini kai a hanya: `shared_buffers` yana fitowa a `memory.stat` ƙarƙashin `shmem`, kuma ana haɗa shi cikin jimillar `file`, alhali ba shi da fayil a faifai, suwaf ne kaɗai makomarsa. Duk wanda ya ga `file` ya yi yawa ya ɗauka duka za a iya zubarwa, ya yi kuskuren lissafi.

Na bar jaki ina dukan taiki. Mai cin wurin aikin dare ne, shi ya kamata in fara ɗaurewa.

Litinin, 15 ga Satumba

Aikin dare ya samu `MemoryHigh=2G`, `MemoryMax=3G`, `MemorySwapMax=1G`. Bambancin na farko da na biyu shi ne zuciyar lamarin. In rukuni ya haura `memory.high`, ba a kashe kowa, sai dai a tilasta masa ya share ɗakinsa da kansa, kayansa ne za su tafi sito ba na maƙwabci ba, kuma a riƙa rage masa gudu. `memory.max` kuwa bango ne: in ya kai nan kuma an kasa samo wuri, sai a kira hauni, wato sashen kanel da ke zaɓar aiki ya kashe idan RAM ya ƙare.

Daren Juma'a ya tafi lafiya, Asabar ma haka. Daren Lahadi, da ake haɗa rahoton mako, aikin da ya saba gamawa kafin asuba na same shi yana nan da rai ƙarfe bakwai na safe. Bai mutu ba, bai kuma gama ba. A `memory.swap.events` lambar `max` ta hau, alamar ya cika gigabait ɗayan da na ba shi. Daga nan ba sito, shafukansa kusan duka marasa gida ne, ba abin zubarwa, yana sama da `high`, kanel kuma yana kwantar da shi a kai a kai, jinkirin da kan kai daƙiƙa 2 a karo ɗaya. Bai isa bango ba balle hauni ya raba gardama. Na kashe shi da hannu kafin ma'aikata su iso.

Na ƙara masa suwaf zuwa gigabait 3. Aikin da ba mai jiran sa da tsakar dare, me zai hana ya ci sito son ransa? Na kuma sa `RuntimeMaxSec` don kada ya sake wayar gari, da `OOMPolicy=kill`, wanda ke kunna `memory.oom.group`, domin in hauni ya zo ya tafi da aikin gaba ɗaya, kada ya sare reshe ɗaya ya bar mini kwafi rabi da rabi da zan ɗauka cikakke ne.

Akwai kuma `memory.swap.high`, wanda ya shigo a 5.8. Na so in gwada, sai na ga takardun da kansu sun ce ba na amfanin yau da kullum ba ne, an yi shi ne don a riƙe rukunin da ya riga ya lalace har wani mai gadi daga waje ya yanke hukunci. Ba ni da irin wannan mai gadi, na ƙyale shi.

Laraba, 17 ga Satumba

Safiya ta yi sauƙi sosai. Amma ina son rumbu ya samu kariya ta kansa, don gobe wani aikin na iya ɓullowa. Na sa masa `MemoryLow=3G`, ma'ana muddin yana ƙasa da wannan, kanel ya nemi wuri a wajen wasu tukuna, sai in babu kowa.

Don gwaji, bayan Isha na ƙirƙiri wani aikin banza mai cin RAM a wajen duk iyakokin nan. Ya ci, rumbu kuma ya rame kamar ban sa komai ba. Na duba fayil ɗin `memory.low`, lambar tana nan daram.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kariyar nan gado ce, daga sama take gangarowa, ɗa ba ya samun fiye da abin da uba ya mallaka. A Debian rumbun yana zaune ne a `system.slice`, cikin `system-postgresql.slice`, sannan `postgresql@15-main.service`. Uba da kaka duk `memory.low` ɗinsu sifili ne. Gigabait ukun da na rubuta wa jika takarda ce kawai. Ba saƙon kuskure, ba gargaɗi, kuma a ganina wannan shi ne tarko mafi muni a duk tsarin, don mutum zai iya shekara yana zaton yana da kariya.

Hanya biyu ce: in rubuta lambar a kan kowane mataki, ko in fitar da rumbu ya tsaya da ƙafarsa. Na zaɓi ta biyu, na ƙirƙiri `rumbu.slice` kai tsaye ƙarƙashin tushe, na ba shi gigabait 3, sabis ɗin ma na bar masa nasa. A kula, kada a sa karan tsakiya a sunan, don a wurin systemd karan yana nufin ɗa da uba. Sai da na sake tayar da rumbun, saboda a tsari na biyu ko an matsar da aiki zuwa sabon rukuni, lissafin shafukan da ya riga ya ci yana nan a wuyan tsohon. Wanda ya fara taɓa shafi, shi ake rubuta wa bashin.

Na maimaita gwajin. Wannan karon rumbu bai motsa ba, aikin banzan ne ya sha wuya.

Asabar, 20 ga Satumba

Kwana uku ba ƙorafi. Oga ya leƙo ya ce, "Malam, me ka saya?" Na ce, "Ko sisi, Yallaɓai."

Saura batun `MemorySwapMax=0` na rumbu, wanda har yanzu bai kwanta mini ba. Akwai shafukan da rumbu ya taɓa sau ɗaya lokacin tashi, ba zai sake waiwayar su ba, suna zaune sun tare wuri a shago. Abin da nake so shi ne zswap: maimakon a kai shafi faifai, a matse shi a ajiye a wani lungu na RAM ɗin, lungun da ba ya wuce kashi 20 cikin 100 in ba ka canza ba. Warware matsi ya fi zuwa faifai sauri nesa ba kusa ba. Na yi tunanin zram, wata hanyar matse suwaf a cikin RAM, wanda Fedora, wani nau'in Linux, ta mayar abin yau da kullum tun sigarta ta 33, amma RAM ɗin da zram ke ci ba a rubuta shi a wuyan rukunin da ya jawo shi, zswap kuwa tun 5.19 ana rubutawa, har da `memory.zswap.max`. Ga mai raba lissafi rukuni-rukuni kamar ni, wannan ya yanke magana.

Cikas ɗaya ne. In lungun ya cika, zswap yakan tura tsofaffin shafuka faifai, mu koma gidan jiya. Maɓallin hana hakan ga rukuni guda, `memory.zswap.writeback`, sai a kanel 6.8 ya shigo, mu kuwa muna 6.1. Debian 13 ta fito ranar 9 ga Agusta da kanel 6.12 da systemd 257. Ranar 1 ga Oktoba hutu ne, ofis a rufe. Ranar zan yi ƙaura.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ƙaurar jiya ta ci yini guda, amma ba abin da ya fashe. PostgreSQL ya koma 17 ta `pg_upgradecluster`. Na kunna zswap da matsin zstd, na tafi gida da murna.

Yau da safe, don sabo kawai, na buga `systemd-cgls`, mai nuna rukunai da ayyukan da ke cikinsu, sai na ga `rumbu.slice` fayau, ba kowa a ciki. Duk saitunana na ajiye su ne a babban fayil mai suna `postgresql@15-main.service.d`, sabon sabis kuwa sunansa `postgresql@17-main`. Ya koma gidan kakansa ba kariya ba iyaka. Abin da ya rufa mini asiri shi ne aikin dare yana ɗaure, shi ya sa ba wanda ya ji a jikinsa. Na mayar da saitunan `postgresql@.service.d`, wanda ke hawa kan kowace siga.

Sai na sa `MemoryZSwapWriteback=no`, na matsa wa na'urar da gwaji, na duba `zswapped`, mai ƙirga abin da ya shiga matsi, a `memory.stat`: sifili. Minti ashirin ina zargin kanel, ashe laifina ne. Ko da shafi bai taɓa faifai ba, zswap sai ya kama masa gurbi a suwaf tukuna, kamar mai yankar tikiti ya riƙe kujera bai shiga mota ba. Ni kuwa na bar `MemorySwapMax=0`, ba gurbi ko ɗaya. Na mayar da shi gigabait 1, lambar ta fara motsi, `zswpwb` kuma, mai ƙirga abin da aka tura faifai, yana nan a sifili.

Takardun sun yi gargaɗi guda da na rubuta a takarda na manna a jikin allo: shafin da ya ƙi matsuwa, tunda an hana shi faifai, zai zauna a RAM, kanel kuma na iya ta dawowa kansa yana ɓata ƙarfi. Don haka `memory.pressure` na rumbu zan riƙa dubawa kowace safiya na ɗan lokaci.

Litinin, 6 ga Oktoba

Wata guda ya cika yau. Abin dariya, maɓallin da na fito nema ranar 8 ga Satumba ya dawo ta ƙofar baya. Fayil ɗin `memory.reclaim`, wanda ya shigo a 5.19, yana ba ka dama ka ce wa kanel ya share wa rukuni wuri kaza yanzu, ba sai an matsu ba. Tun 6.11 kuma yana karɓar `swappiness` na wannan karon kaɗai. Manhajar rajista tana da ma'aikatan baya da ke kwana ba aiki, don haka ƙarfe biyu saura kwata nake aika wa rukuninta `300M swappiness=200`. Kayanta marasa gida su shiga matsi a nitse kafin aikin dare ya iso, da safe kuma warware su ba ya ɗaukar lokacin da mutum zai lura.

Daren farko agogon ya nuna ja, wai umarnin ya gaza. Ba gazawa ba ce: in kanel bai samu cikakken adadin da ka nema ba, yakan amsa da `EAGAIN` ko da ya share mafi yawa. Na rage zuwa `200M`, na kuma sa rubutun ya daina ɗaukar wannan amsa a matsayin kuskure.

Abu biyu suka rage a takardata. Na farko, `pg_dump`, wanda aikin dare ke kwafin bayanai da shi, ta bakin rumbu yake karanta teburori, don haka shafukan da yake jawowa da dare a wuyan `rumbu.slice` ake rubuta su, suna kuma cin gigabait ukun kariya tare da kayan da ma'aikata ke buƙata da safe. Zan gwada `pg_prewarm`, mai ɗora teburori a RAM tun kafin a nema, ƙarfe bakwai in ga ko zai dawo da teburorin da aka fi nema. Na biyu, rahoton ƙarshen wata ya fi na mako girma, kuma tun da na ƙara wa aikin dare suwaf sau ɗaya kacal ya gudana, shi ma a daren da ban zauna na kalla ba. Daren 31 ga Oktoba Juma'a ce, washegari ba ofis. Zan kwana a gaban `vmstat`.